Kajin Jegon Suyun

Songkeng,
Satin farko na jegonki.

Zuwa ga 'yata Suyun,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa irin ta uwa, yaya jikinki? Yaya ƙarfin baya? Ina fata ruwan nono ya sauko, jaririyar kuma tana kamawa ba tare da rigima ba. Nan gida lafiya lau, sanyi ne kawai ya fara gangarowa daga tsauni.

Na ji surukarki ta karɓe miki waya, wai haskenta yana ɓata idon mai jego, karatu ma ta hana. A kan wannan kaɗai ni da ita bakinmu ɗaya. To, na san mijinki ne zai karanta miki wasiƙar nan. Zhenhai, sannu da aiki. Ka karanta yadda na rubuta, kada ka tsallake layi don ka ga an taɓa uwarka. Zan tambayi matarka daga baya.

Suyun, ina so ki ji daga bakina dalilin da ya sa har yau ban zo ba, don na san yadda ake gyara magana a gidan nan kafin ta iso kunnenki. Da Zhenhai ya kira ya ce kin sauka kafin lokaci, ban ko ƙarasa cin shinkafata ba. Na ɗaure kaji shida a kwando, na cika gora da giyar shinkafar da na haɗa miki tun kaka, na sa rigata shuɗiya, na zauna bakin titi ina jiran motar Pang direba. Ina nan zaune sai ga wayar surukarki.

"Suruka," ta ce, da muryar nan tata ta tsohuwar malamar makaranta, "kin ji labari kuwa?"

"Na ji mana. Na yi jika."

"Ba wannan ba. An samu murar tsuntsaye a kasuwar kaji ta gundumar da ke maƙwabtaka da ku. Har an kwantar da mutane a asibiti."

"To, sauƙi ya zo musu. Ni dai ba a kasuwar nake kwana ba."

"Amma da kaji kike kwana. Ki ɗan dakata da zuwa, ke da su, har abin ya lafa. Saboda yarinyar ne."

Na ce, "Wace yarinyar? Wadda na haifa ko wadda aka haifa min? Duka biyun ai nawa ne."

Ta ce gidan dai nata ne. A nan ta ɗaure ni, don gaskiya nata ne. Da motar ta iso na gaya wa Pang, ina jiran ya taya ni zagi, sai ya ce, "Yaya Fengjiao, ko ta yarda ni ba zan ɗauki kwandon nan ba. Tun jiya aka hana kaza mai rai shiga mota. Ke kaɗai zan iya ɗauka, ke ma don ba ki da fiffike." Na ce masa da motarsa tana gudu kamar bakinsa, da tuni ya yi arziki. Na kwaso kayana na komo gida, duk ƙauye suna kallona.

Kin san tarihin kajin nan. Ranar da kika gaya min kina da ciki, washegari na je na sayo 'yan tsaki. Guda talatin na kiwata, kowace rana ta jegonki kaza guda, a dafa da citta da giyar shinkafa, yadda uwata ta yi min lokacin da na haife ki. Dusar shinkafa da ganyen dankali suke ci, suna yawonsu ƙarƙashin itatuwan lemon babanki, ko maganin kanti ba su taɓa lasa ba. Yau wata da ba ta taɓa riƙe kaza mai ɗumi a hannu ba, wadda ta san kaza a leda kawai, ita ce za ta ce min kajina guba ne. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba.

Amma ki kwantar da hankalinki. An hana mai rai, ba a hana dafaffiya ba. Ga miyar farko nan Pang zai kawo tare da wasiƙar nan, kullum kuma za ki ga sabuwa. Ki sha da zafinta, ki cinye cittar, kada ki tsame ta gefe kamar yadda kike yi tun kina ƙarama.

Batun bikin cikar wata kuwa, ko sojoji ta jera a ƙofa sai na zo. Kakar wajen uwa ce take rataya wa jariri ɗan kwaɗon azurfa a wuya, don a kulle ransa a duniya kada ya fice. Ba ni na ƙirƙiro al'adar ba, kuma ba a kaina za a soke ta ba. Na ciro naki daga akwati, wanda uwata ta rataya miki, na goge shi da toka har yana ɗaukar ido. Hannuna ne zai sa wa jikata shi. Zhenhai, wannan layin ka ɗaga murya, a ji har kicin.

Ki rufe kanki, kada ki taɓa ruwan sanyi, kada kuma ki yi kuka. Ki shafa min kan yarinyar.

Uwarki,
Qiu Fengjiao

Songkeng,
Sati na uku na jegonki.

'Yata Suyun,

Ina gaishe ki, ina gaida jikata. Yaya barci, yaya cibiyarta, ta warke sarai? Pang ya ce 'Yar Wake kuke kiranta saboda ƙanƙantarta. Sunan ya yi min daɗi, tun da na ji nake maimaita shi ni kaɗai a tsakar gida. Ni lafiyata ƙalau, ki faɗa wa mai son ji.

Kin san Pang, magana ba ta kwana a cikinsa. Ya daure kwana da kwanaki, jiya dai ya amayar. Ashe miyar farko, surukarki da safar hannu ta roba ta karɓa, ta juye a magudanar ruwa ta ƙasan bene, yana tsaye yana kallo. Wasiƙata kuwa sai da ta goge ta da dutsen guga gaba da baya kafin ta yarda a shiga da ita ɗakinki. Guga, Suyun! Tun da nake ban taɓa jin an goge wasiƙa ba. Na yi dariya har na riƙe ciki, ina komawa ɗaki kuma na yi kuka. Ba kazar nake ji ba. Na tuna yadda na tsaya ina kwashe man da ya taso sama don na san ba kya so.

Sauran miyar kuma na ji inda take zuwa. Wai don kada a zubar, wani bawan kirki yana tarar motar a tasha, ya zauna a kan benci ya shanye, ya share baki ya koma gida. Zhenhai, ashe kai ke jegon? Pang ya ce kumatunka har sun fito. Ban yi fushi ba, gara cikinka da magudana. Amma namiji mai 'ya ya kamata ya iya wucewa da kwano ɗaya ta gaban uwarsa. Ka sa a jakar aikinka, ka kai wa matarka.

Ga babban labari. Satin da ya wuce mutanen kula da dabbobi suka zo ƙauye gida-gida, sanye da fararen kaya har kai, sai ka ce masu zuwa wata. Na tare su a ƙofa na ce su dubi zankon kajina yadda ya yi ja, su dubi yadda suke tono, sannan su faɗa min wace ce mara lafiya. Shugabarsu wata budurwa ce, ba ta kai ki ba, amma ba ta da tsoro.

Ta ce, "Goggo, akwai irin ciwon da kaza take ɗauke da shi tana kiwonta, ko ci ba ta ragewa. Ido ba ya gani. Ki kamo mana su."

Na ce, "Ku da kuka yi karatun, ku kamo."

Ki ga manya uku cikin fararen kaya suna zagaye itacen lemo, kaji suna yi musu dariya. Da na ga rana za ta faɗi, na watsa dusa na kamo musu da hannu ɗaya. Suka zura auduga a tsinke a maƙogwaro da ta baya, suka sa a kwalabe. Kafin su tafi na tambayi yarinyar, dafaffiyar kaza tana ɗaukar ciwon? Ta ce idan ta dahu har ciki babu abin da ke saura, ƙwai ma haka. Haɗarin yana wurin yanka da figa, da kashinsu, da taɓa wadda ta mutu. Ta ba ni takunkumi da safar hannu ta ce in riƙa sawa idan zan yanka. Ina sawa, ko da yake kajin kallon baƙuwa suke yi min.

Shekaranjiya suka aiko: kajina tas, na ƙauyen ma duka tas. Ko takalmi ban sa ba na kira surukarki. Kin san abin da ta ce? "Na yi miki murna, Suruka. Amma tsuntsun daji fa? Gobe yana iya wucewa ya yi kashi a tsakar gidanki."

Na ce, "To in hau sama in tare su ne, Malama?"

Ta ce tana jin jaririya tana kuka, ta kashe wayar.

Na gane yanzu ba hujja take nema ba. Tsoro ne ya cika ta, tsoron kuma ya samu fuskata ya zauna a kai. Wannan matsalarta ce. Ni na fara tara ƙwan da zan rina ja na bikin, na kuma gaya wa Pang ya ajiye min kujerar gaba. Zan yi wanka sau uku, in sa sabon kaya daga leda, in tana so ta goge ni da dutsen gugar a bakin ƙofa, amma sai na shiga.

Ki ci abinci ko ba kya jin yunwa. Ki gaya wa 'Yar Wake tana da wata kakar, mai ƙarar murya, tana nan tafe.

Taki har kullum,
Qiu Fengjiao

Asibitin gunduma,
Saura kwana huɗu biki.

Suyun, 'yata,

Gaisuwa da fatan kina lafiya ke da 'Yar Wake. Kada ki firgita da ganin inda na rubuto. Na san labari ya riga ni isowa, shi ya sa na roƙi biro da takarda. Wannan ba ta hannun Pang za ta bi ba, nas ce za ta ɗauki hotonta ta tura wa Zhenhai, don haka uwarsa ta huta da guga yau.

Ga yadda aka yi. Ranar bikin tsakiyar sanyi muka taru a zauren kakanni kamar kullum, aka ci naman akuya da ƙwallayen shinkafa masu zaƙi, muka zauna karta da Goggo Rao maƙwabciyata. Rabin zauren tari suke yi. Rao kanta atishawa take zubawa a kan kartar, na ce mata ta juya kai, ta ce, "Ke dai raba mana, murar nan ta kowace shekara ce, ba ta kashe kowa." Kwana biyu bayan nan na tashi da zazzaɓi, kai kamar ana sara, gaɓoɓi duk sun yi tsami. Allurar murar da ake yi wa tsofaffi ban je ba bana, hidimar kajin ba ta bar ni ba.

Da ƙafata na je ɗakin shan magani na ƙauye, ba wanda ya kai ni. Mai maganin ya tambaye ni ko ina taɓa tsuntsaye. Na ce kullum sai na yanka kaza. Da ƙarya zan yi, da yanzu ina gida kan gadona, amma ban ga abin kunya a kajina ba. Kafin in rufe baki ya ja baya har ya bugi kabad, ya kira motar asibiti. Aka sa ni ciki da jiniya da komai. Muna wucewa na hango Rao, wadda ta zuba min murar da bakinta, tana rufe tagarta da sauri. Na buga gilashin motar na ce, "Munafuka, ki dai ba kajina dusa!" Ban san ko ta ji ba.

Yanzu ina ɗaki ni kaɗai, mai shigowa duk sai ya rufe jikinsa, idanu kawai nake gani. Sun zura min tsinken auduga a hanci da maƙogwaro, yadda aka yi wa kajin. Na ce wa nas ɗin ai na san murata, tun kafin a haife ta nake yin ta duk sanyi.

Ta ce, "Kaka, kowa haka yake cewa. Farkonsu iri ɗaya ne, zazzaɓi, tari, ciwon jiki. Ko babban likita ba ya rabewa da ido. Ta mutane yawanci sati guda ta sake ki. Ta tsuntsaye kuwa takan gangara huhu, kuma idan aka yi jinkiri ba ta da sauƙi. Shi ya sa muka fara ba ki magani tun kafin gwajin ya fito."

Na ce, "Tawa dai ta mutane ce, ni mutum ce."

Ta ce, "Da bakin nan naki, ciwon ma sai ya yi tunani kafin ya zauna."

A ɗakin da ke ƙarshen baranda akwai wani mutum daga kasuwar kajin nan, wadda yanzu aka rufe, mai figar kaji. Ba na ganinsa, amma ina jin na'urar da take yi masa numfashi. Matarsa tana zaune a waje kan kujera, ba a bari ta shiga. An ce shi ma da farko cewa ya yi murar kowace shekara ce, ya ci gaba da aikinsa. Tun da na ji haka na rage surutu. Ciwon gaskiya ne, Suyun, ban taɓa cewa ƙarya ba ne. Abin da na ce shi ne ba ni da shi.

Zan gaya miki abin da ba zan gaya wa kowa ba. Zhenhai, wannan ka sassauta murya. Ina jin tsoro. Ba mutuwar ba, babanki yana can ya gaji da jira. Tsorona in tafi ban ga fuskar yarinyar nan ba sai a hoto, ta girma a ce mata kakarta kaji suka kashe, da ma an hana ta zuwa, an yi dabara. Wannan nake juyawa a raina idan zazzaɓin ya taso.

Zhenhai ya ce kin yi kuka da kika ji. Ki daina. Mai jego ba ta kuka, ido yake lalatawa. Ya kuma ce surukarki ta ce, "Kun gani ko?" Ku ce mata ba a gama ba tukuna. Kwaɗon yana cikin jakata, da shi na taho, don daga nan motar Pang zan nufa.

Ki sumbaci tafin ƙafarta a madadina.

Uwarki mai taurin kai,
Qiu Fengjiao

Songkeng,
Jajibirin biki.

Zuwa ga Suyun, 'yar da na haifa,

Ina gaishe ki da zuciya ɗaya. Yaya gajiyar shirye-shirye, yaya 'Yar Wake? Ni na dawo gida, zazzaɓin ya ragu, sai tari. Mijinki yana zaune a mota a ƙofar gida yanzu haka, na ce ya jira in gama rubutu. Zhenhai, ka san rabin abin da ke ciki, amma ka karanta duka.

Na ci nasara, Suyun. Jiya da safe Likita Nie ya shigo ba tare da farin kayan nan ba, takunkumi kawai, ya ce, "Kaka, ba ta tsuntsaye ba ce. Murar mutane ce, wadda ke yawo bana." Na diro daga gado, na kira surukarki, na danna masa wayar a kunne na ce ya maimaita. Ya maimaita. Na karɓa na ce, "Malama, kin ji darasin yau?"

Ka ba mutum haƙƙinsa, ta ji kunya. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, "Suruka, na yi miki ba daidai ba. Ki zo. Zan turo Zhenhai da mota, na gyara miki ɗaki." Wata guda nake jiran kalmar nan. Na ji kamar an sauke min buhu daga kai.

Ina haɗa kayana ina 'yar waƙa, sai kwaɗon ya faɗo daga jaka. Likitan ya tsuguna ya ɗauka, ya juya shi, ya ce shi ma kakarsa ta rataya masa irinsa. Sannan ya tambaye ni wata nawa jikar. Na ce jibi take cika wata ɗaya, ni zan sa mata da hannuna. Sai ya jawo kujera ya zauna. Kin san idan likita ya zauna, magana ce.

Ya ce, "Kaka, kin san abin da ya raba murar nan biyu?"

Na ce, "Ɗaya tana kisa, ɗaya ba ta yi."

Ya ce, "A'a. Ta tsuntsaye ta fi muni ga wanda ya kamu, amma da wuya ta tsallaka daga mutum zuwa mutum. Yawanci sai ka taɓa tsuntsun ko ƙazantarsa. Taki kuwa tsallakawar ce sana'arta. Tari ɗaya, sumba ɗaya, ko hannun da kika share hanci da shi. Ke za ki warke. Jaririyar wata ɗaya ba ta da ƙarfin da kike da shi, kuma ta yi ƙanƙanta a yi mata allura. Duk sanyi muna kwantar da irinsu a benen sama saboda murar nan da kuke rainawa, kuma ba duka suke komawa gida ba."

Na ce zan sa takunkumi biyu. Na ce zan tsaya nesa. Ya dube ni ya ce, "Za ki iya ganinta ki ƙi ɗauka?"

Shi ma ya san ba zan iya ba. Ya ce in bari zazzaɓin ya tafi sarai, tarin ya lafa, in ƙara 'yan kwanaki a kai, sannan in je in ɗauke ta har hannuna ya gaji.

A motar dawowa na zage shi, na zagi Rao, na zagi kartar. Na ce wa kaina ai likitoci sun cika tsorata mutane. Har na shiga gida na rina ƙwan, na ninke rigata shuɗiya a jaka. Sai tari ya kama ni ina tsaye kan ƙwan, na ga yadda na kai hannu baki, na mayar da hannun kan kwaɗon ba tare da na sani ba. Na zauna a ƙasa na daɗe.

Da Zhenhai ya iso ɗazu ya tarar na sa sakata. Ta saman katanga muka yi magana, ina daga can cikin tsakar gida. Ya ce, "Mama, ki buɗe mana. Suyun ta ce idan na dawo ba ke, ta san fushi kike yi." Ya kira uwarsa ya ɗaga wayar sama don in ji.

Ta ce, "Haba Suruka, mura ce fa kawai! Wa bai taɓa yin mura ba? Ki taho, kada mutane su ce ni na hana ki."

Na ce, "Malama, wata guda kina kore ni saboda murar da ba ni da ita. Yau kuma kina kirana da wadda nake da ita. Ba zan zo ba."

Suyun, ki saurare ni da kyau. Ba fushi nake yi ba, ba kuma ramuwa ba ce. Da ramuwa nake so, da na zo na zauna a kujerar da ta fi kowace tsawo na ci abincinta. Ki gaya wa duk wanda ya tambaya gobe cewa ba wanda ya hana Qiu Fengjiao zuwa bikin jikarta. An buɗe mata ƙofa, an turo mata mota, ita ta rufe tata ƙofar da hannunta.

Tunda ba na nan, ke za ki zama bakina. Gobe gidan zai cika, sanyi ne, rabinsu da tari za su zo suna cewa ta kowace shekara ce. Duk mai tari ko yoyon hanci ya ga yarinyar daga bakin ƙofa, ko kawun waye. Mai ɗauka ya wanke hannu, kuma ba sumba. Ki ba surukarki wannan aikin, ta iya korar mutane, ni shaida ce. Sannan ita da mijinki da ke ku je a yi muku allurar, ni ma zan je idan na warke.

Jan ƙwan da na yi tari a kai na bar wa kaina, Rao tana rina muku wasu a gidanta, ta warke, kuma ashe ta ji ni ranar nan, kajin ba su kwana da yunwa ba. Kajin saura 'yan kaɗan, ina ajiye miki su. Jego bai ƙare don wata ya cika ba.

Kwaɗon kuwa na tafasa shi a ruwa, na tsamo da tsinken cin abinci, na sa a kwalba na rufe, zan ɗora a kan katanga Zhenhai ya ɗauka. Ba za a ɗaga ranar saboda ni ba, ran yaro ba ya jiran tarin tsohuwa. Ki ba surukarki ta rataya mata. Ki ce mata maɗaurin yana da tauri, ta danna da farce a hankali, kada ta kama fatar wuya. Ki kuma ce mata aro na ba ta, na rana ɗaya.

Wasiƙar nan ma na yi tari kusa da ita. Wannan karon ku bar ta ta goge, gaba da baya.

Idan an rataya, mutane sun koma kan abinci, ki sunkuya ki gaya wa 'Yar Wake a kunne cewa mai kwaɗon tana gaishe ta. Ki ce mata ban zo yau ba ne don ina so in zo in same ta.

Uwarki, kakarta,
Qiu Fengjiao